Shinkafar da Na Shuka da Alli

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa, kuma yawancin abin da ya faru a cikinsu ya zube mini. Fuskokin yara sun gauraye, shugabannin makarantun da na yi aiki a ƙarƙashinsu ma sai na yi da gaske nake tuna wa ya riga wa. Amma akwai abu ɗaya da na san da shi za a kai ni makwancina, ko da tsufa ya gama wanke mini kai: daminar da darasina na tarihi ya cinye wa wani gida abincinsu na shekara. Ba zan kama sunan kowa ba, don mutanen suna nan da ransu, kuma ba su ne suka yi abin kunya ba.

Ni haifaffen Birnin Kebbi ne, a Gwadangaji nake zaune da iyalina. Mahaifina akawu ne har ya bar aiki, bai taɓa riƙe fartanya ba sai dai in zai nome ciyawar ƙofar gida. Saboda haka duk da an haife ni a ƙasar shinkafa, sanin da na yi mata bai wuce na cikin kwano ba. Na san wadda ta dahu da wadda ta caɓe, iyakar ilmina ke nan. Wannan ba laifi ba ne, da a ce na san ban sani ba.

A lokacin an tura ni wata makarantar sakandare a Argungu. Ranar Litinin in yi sammako in bi mota, in kwana huɗu a wani ɗan ɗaki da na kama, ranar Juma'a in koma gida. Na riga na gaji tun a wannan lokacin, gaskiya ke nan. Ajin da nake shiga silin ɗinsa ya rufto ta kusurwa ɗaya, yara uku ko huɗu a kan benci guda, littafin tarihi kuwa nawa ne kaɗai a duk ajin. Sai in rubuta a allo su kwafa, in goge in sake rubutawa, har hannun rigata ya yi fari. Yawancin darussa haka nake bi ta kansu kamar mai biyan alli da allo haƙƙinsu, in fita in nemi inuwa.

Darasi ɗaya ne yake tashe ni daga wannan gyangyaɗi, wato kwatanta yadda ƙasashe suka ci gaba. Ranar da zan koyar da shi har tafiyata takan canza. Nakan ja layuka a allo, in rubuta Japan, Koriya ta Kudu, Malesiya, Turkiyya, sai in sa mu a can ƙarshe. A ƙarƙashin kowace in tambayi yara abu uku: me suka tarar a gida, me suka ajiye, me suka ɗauko daga waje. In ba su labarin yadda Japan ta tura samarinta ƙasashen Turai su koyo ƙira da sarrafa injina su dawo, da yadda Koriya ta tashi daga yaƙi da yunwa har muke sayen motocinta. Yanzu da na tsufa na gane ba son tarihi kaɗai ke ingiza ni ba. Haushi ne ya cika mini ciki, haushin wutar da ba a kawowa da titin da ke karya mini baya duk mako, sai na sami inda zan huce shi da sunan karatu. Duk abin da ke layinmu na allo sai in karanta shi da muryar raini, yara su yi dariya, ni kuma in ji daɗi.

Da yake yawancinsu 'ya'yan manoma ne da masunta, sai na ga ya kamata in kawo musu misali daga abin da suka sani. Na ce musu ƙasashen Asiya da yawa sun kori yunwa ne ranar da suka bar doguwar shinkafar kakanninsu suka koma gajeriya, mai ɗan kara da nauyin zangarniya, wadda ke nuna da wuri. Na ce su dubi namu, har yau mutum yana yafa irin da kakan kakansa ya yafa, sa'an nan ya zauna yana mamakin talauci. Na tuna har buga allo na yi da hannu.

A aji biyar akwai wani yaro dogo, marar yawan magana, daga wani ƙauye da ke bakin gulbi a kan hanyar Augie. Kullum da keke yake zuwa, ƙafafunsa da busasshen taɓo. Shi ne babba a gidansu. A cikin yara masu yawa da na koyar, yana cikin 'yan kaɗan da in na yi magana nake ganin tana shiga. Sauran su kwafa su rufe littafi, shi kuwa sai ya biyo ni har ƙarƙashin darbejiya yana tambaya. Duk malaman makarantar sun sa rai cewa in dai akwai wanda zai kai jami'a a wannan ajin, to shi ne. Mahaifinsa ma ya san haka, shi ya sa yake ɗauke masa aikin safe don kada ya makara.

A zango na uku, daidai faɗuwar ruwan farko, sai wata dabara ta zo mini, har ina yaba wa kaina. Na ce surutun ya isa haka, bari mu ga aiki. Kowane ɗalibi ya koma gidansu, ya duba wani abu da ake yi irin na da, ya canza shi zuwa na zamani kamar yadda waɗannan ƙasashe suka yi, ya rubuto mini abin da ya gani. Na ce makin wannan aiki zai shiga sakamakon ƙarshen zango. Na san yawancinsu ƙarya za su shirgo mini, haka kuwa aka yi. Wani ya ce ya koya wa kakarsa kiran waya, wata ta ce ta sa an daina shan ruwan randa sai an tace, wani kuma da bai ji kunyar Allah ba ya ce ya hana babansa shan taba. Duk na karɓa na ba su abin da ya samu.

Shi wannan yaro bai san wasa da maganar malami ba. Wata Juma'a an tashi, ina sauri in kai tasha kafin motocin Birni su cika, jakata a kafaɗa, sai ga shi yana tura kekensa a gefena.

Ya ce, "Malam, in nis shibka gajerar shinkahwa ga gonarmu, ya shiga cikin aikin da kab ba mu?"

Na ce, "Ya shiga mana! Ai wanga shi na aikin, sauran duk wasan yara suka yi."

Ya ce babansa yana asibiti a Birnin Kebbi, an yi masa aiki a ciki, likita ya ce sai ya jima bai sunkuya ba. Don haka shukar bana tana hannunsa. Ya ce gonar tasu tana cikin kwari, can kusa da gulbi. Na ji wannan magana sarai, ba wai ta wuce ni ba ce. Sai dai a kunnena a lokacin, kwari da tudu duk sunan wuri ne, kamar a ce maka gidan wane yana bayan kasuwa. Na yi wa mahaifinsa addu'ar samun sauƙi, na dafa kafaɗarsa na ce irinsa ne suka gina Japan. Na ga yadda fuskarsa ta washe. Ni kuma na ƙara sauri, na sami kujerar gaba a mota, na yi ta murna da wannan sa'ar har muka wuce Ambursa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Yaron ya kwashe irin shinkafar da mahaifinsa ya ware tun kakar bara, wanda aka adana daban a cikin rumbu, ya kai kasuwa ya musanya shi da irin zamani. Bai gaya wa mahaifin ba, wai yana so in an sallamo shi ya tarar da abin mamaki. Mahaifiyarsa ta yi magana, ya ce mata malaminsu ne ya ce. Maƙwabtan gona suka ce masa, yaro, wannan ba wurinta ba ne. Sai ya mayar musu da maganata kalma da kalma, ya ce su ma mutanen Asiya haka tsofaffinsu suka ce da farko. Dattawan suka dubi juna suka ƙyale shi, don ba wanda ke son a ce yana jayayya da ɗan boko a kan abin da ke cikin littafi.

Kafin a yi hutu ya kawo rahotonsa, shafi shida, rubutu tsaf, har da zanen gonar. Ya zo da ɗan damin shinkafar da ya tuge don in gani, kore shar, ta yi kauri ta yi 'ya'ya, gwanin sha'awa. Na ɗaga ta a gaban aji kamar ni na noma ta. Na ba shi makin da ban taɓa ba wani ɗalibi ba, na kuma roƙi shugaban makaranta aka karanta rahoton a taron safe, aka tafa masa.

A ɗakin malamai akwai wani dattijo da ke koyar da aikin gona, haifaffen Argungu, mai barkwanci, wanda ya laƙaba mini suna Malam Japan. Teburinsa yana jikin nawa. Ya ɗauki damin ya jujjuya shi, ya shinshina saiwar.

Ya ce, "Malam Japan, iri mai kyau na. Ina anka shibka ta?"

Na ce gonar su yaron.

Ya ce, "Wace daga ciki? Ta bisa ko ta ƙasa?"

Wallahi a wannan lokacin maganar kwarin ta riga ta fita daga kaina. Na ce ban riƙe ba, gona ai gona ce. Ya ajiye damin ya dube ni ta saman tabarau, ya daina murmushi, ya ce in na ga yaron in tambaye shi in zo in gaya masa. Na ce to. Takardun jarrabawa na aji uku suna jibge a gabana, ga cike katin sakamako, ga zafi. Ban tambaya ba. Aka yi hutu na tattara na koma Gwadangaji.

A cikin hutun na ji ana cewa gulbi ya kawo ruwa, fadama ta cika. Ko a jikina. Kowace shekara haka ake faɗa, mu mutanen gari iyakarmu mu ce Allah Ya kyauta, mu ci gaba da hirarmu.

Da aka dawo, 'yan aji biyar sun zama 'yan aji shida, masu shirin jarrabawar fita. Na shiga ajin na ga wurinsa ba kowa. Na ɗauka makara ce irin ta makon farko. Mako na biyu ma shiru. Na tambayi yara, suka sunkuyar da kai, wani ya ce shina gida. Da na koma ɗakin malamai, dattijon nan ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Rannan bai kira ni da sunan tsokanar ba.

Ya ce, "Malam, ta ƙasa ta. Ruwa ya ci ta duka, ko zangarniya guda ba su hidda ba."

Na ce, to ai ambaliya ce, kowa ta shafa. Ya girgiza kai ya ce ruwan bana bai fi na kullum ba, gonakin da ke kewaye da tasu lafiyarsu lau. Ya ce in ina da hali ranar Asabar kada in tafi Birni, shi zai kai ni a babur ɗinsa in gani da idona.

Ban so zuwa ba. Na yi ta neman dalili, na ce wa kaina ni tarihi nake koyarwa, ban ce wa kowa ya taɓa rumbun ubansa ba. Amma dai ranar Asabar da hantsi na hau bayan babur. Muka bi hanyar Augie, muka sauka daga kwalta muka shiga taɓo, wani wurin sai mun sauka mun tura. Na sa wa zuciyata cewa zagi zan sha, har na shirya yadda zan sunkuyar da kai in karɓa. Na ma fi son a zage ni ɗin, don in an zage ka kamar an rage maka wani abu ne.

Mahaifin yaron ya fito da sanda, siriri, yana takawa a hankali yana dafe da gefen cikinsa. Ya yi mana maraba kamar wasu manyan baƙi, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na sha da ƙyar, ina tunanin daga bakin wa aka ɗauke ta. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi jiki ya ce da sauƙi. Sai ya ƙwala wa yaron kira ya ce ya kwance jirgi, Malam ya zo ganin gona.

Yaron ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, bai ɗago ido ba. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Muka shiga kwalekwale mu uku, dattijon makarantarmu ya ce shi zai jira a gaɓa. Yaron yana baya yana tuƙi da gora, mahaifin yana tsakiya, ni ina gaba na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, don ban iya ruwa ba.

Ban taɓa shiga fadama da damina ba sai rannan. Ruwa ne iya ganinka, amma a samansa shinkafa ce koriya ta rufe ko'ina, jirgi yana ratsawa tana goga mana hannu. Muna cikin tafiya sai koren ya yanke. Muka fito wani fili mai faɗi, ruwa tsirara, ba ko tsinke, ga shinkafar mutane ta kewaye shi ta kowane gefe. Ba sai an gaya mini ba. Yaron ya kafa gora jirgin ya tsaya.

Mahaifin ya miƙa hannu gefen gonar maƙwabcinsa, ya kama kan shinkafa ɗaya ya fara jawowa a hankali. Yana ja tana fitowa, yana ja tana fitowa, yana naɗe ta a cinyarsa kamar igiyar guga, har na fara zaton ba ta da ƙarshe. Da ya kai saiwa ya miƙo mini. Ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Ka gani, Malam? Wagga ita muka yahwawa nan. In ruwa yat taso, ita ma tasowa takai, kullum kanta na bisa. Ba ta cika buhu kamar taku, gaskiya na. Amma ba ta nutsewa."

Sa'an nan ya karɓi gorar daga hannun ɗansa, ya zura ta cikin tasu gonar har ta kusa shigewa, ya murɗa ya ɗago. Wani baƙin abu ya biyo ta, ruɓaɓɓe, mai wari. Ya kakkaɓe shi cikin ruwa ya mayar wa yaron gorarsa.

Na ce, "Baba, ka gahwarce ni. Laihina na, ni nis sa shi."

Ya ce, "A'a, Malam, ba ni ganin laihinka, alheri kan nuhwa. Kuma irin ba shi da laihi. Mu ma muna shibka gajera, amma da rani, inda mu ka ba ta ruwa da inji gwargwadon bukatarta. Nan kuwa ba mu ka ba ruwa umurni ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ni dai tambaya nika so in yi, tunda kai kas san su. Mutanen ga na Japan, gulbinsu shina da zurhi kamar namu?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Abin takaicin kuwa, na san amsar. Tana cikin littafin nan nawa, a shafin da ke gaban wanda nake karanta wa yara. Mutanen da nake yabo sai da suka yi shekaru suna haƙa magudanai, suna ɗaure ruwa suna sakinsa yadda suke so, kafin gajeriyar shinkafa ta yi musu rana. Ni na tsallake wannan shafin duk shekara, saboda ba ya sa aji dariya, ba ya kuma huce mini haushi. Na gaya masa haka a gaban ɗansa. Ya kaɗa kai ya ce ai ya san dole akwai dalili, mutane ba za su bar irin kakanninsu haka kawai ba.

A hanyar dawowa ya ƙara mini wani abu. Ya ce su ba sa ƙin sabon abu, shi da kansa ya gwada iri kala-kala. Amma a wurinsu akwai gandu, gonar da duk gida ke ci daga cikinta, akwai kuma gayauna, ɗan yankin da ake ba yaro ya yi nasa. Duk abin da ba a sani ba a gayauna ake fara sa shi, shekara biyu ko uku, in ya mutu ba wanda ya kwana da yunwa. Ya ce da yaron ya sa ta a gayaunarsa da ke kan tudu, da yanzu ana yaba masa. "Wanga kuwa gandu na, Malam," in ji shi. "Mu goma sha ɗaya muka ci ciki."

Da muka fito gaɓa, na ja yaron gefe yayin da yake ɗaure jirgi. Na ce ya dawo makaranta. Na ce duk abin da rajistar jarrabawa ke bukata ni zan ɗauka, litattafai ma haka, in ya ga dama ya zauna a ɗakina na Argungu. Na ce ƙwaƙwalwa irin tasa bai kamata ta ƙare a nan ba. Mahaifin ya jiyo mu, ya ce shi bai cire shi ba, ya ma yi masa faɗa ya koma, shi ne ya ƙi.

Yaron ya gama ƙulla igiyar, sa'an nan ya dube ni, karo na farko tun zuwana. Ya ce maƙwabta za su taimaka da kaka, kowa zai kawo ɗan dami, amma ba wanda zai ciyar da gidan wani shekara guda. Babansa ba ya iya sunkuyawa. In bai shiga ruwa ya yi su ba yanzu, in kuma bai yi ƙwadago a gonakin rani ba, ƙannensa ba su da abin kaiwa baki. Ya ce ba ya iya zama a kan benci yana rubutu alhali shi ya zubar da abincinsu cikin ruwa da hannunsa. Na ce shekara ɗaya ce kawai, ya daure. Na fara ce masa su ma ƙasashen nan sai da suka sha wuya kafin su ga daɗi, don bakina ya saba da zancen. Sai ya tare ni, cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Malam, na yi ta tunanin wani abu da ba ka hwaɗa muna ba. Su waɗanga ƙasashe, shekarar da sunka gwada abu bai yi ba, wa yac ciyar da ƙannensu?"

Shekara nawa ina jera ƙasashe a allo, ina auna wannan da waccan, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na san sarakunansu da masana'antunsu, na san ma cewa daga gumin manoma aka tatsi abin da aka gina masana'antun, amma ban taɓa tsayawa na tuna cewa manoman nan suna da gidaje da yara ba. Na ce masa ban sani ba. Ya ce ba komai, Malam, ya ɗauki komarsa ta kamun kifi ya saɓa a kafaɗa, ya yi mini sai an jima.

Na koma ƙauyen sau uku a wannan zangon. Sau biyu ban same shi ba, yana ruwa. Na uku na same shi, ya gaishe ni da fara'a, ya ce in Allah Ya so baɗi. Baɗin ta zo, ciwon mahaifin ya dawo, ta wuce. Ranar da 'yan ajinsu suka zauna jarrabawar tarihi ni ne a bakin ƙofa ina duba katinsu ɗaya bayan ɗaya, har layin ya ƙare. Bai sake zama a aji ba. Yanzu magidanci ne, yana noma yana su, an ce mini duk yankin ba wanda ya fi shi sanin inda kowane iri yake so. In mun haɗu a kasuwar Argungu shi yake fara gaishe ni, ya karɓi kayana ya kai mini mota, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Ban daina koyar da darasin ba, yana cikin manhaja, kuma yara suna bukatarsa. Sai dai yanzu a hankali nake bi, ba na buga allo. Kowace ƙasa muka ɗauko, kafin mu yaba mata sai mun tambayi me ta gyara a ƙasa kafin ta ɗauko na waje, da kuma su wa suka ɗauki asarar in an yi kuskure. In muka zo kan namu, ba na barin a yi dariya sai an gaya mini dalilin da ya sa mutane suka riƙe abin tun farko. Sau da yawa yaran sun fi ni sani, sai in zauna in saurara.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada wani ya saya mini shi. Mai ba da shawara ya fara tambayar abin da za a rasa in shawararsa ta ƙi, da wanda zai rasa shi, tun kafin ya buɗe baki, musamman in yana magana da wanda ya yarda da shi. Ni na yi gwajina da baki, wani gida ya biya da rumbunsa da karatun ɗansa. A duk tsawon wannan shekarar, a gidana na Gwadangaji, ko sau ɗaya ba a fasa ɗora tukunya ba.